Kilisar Babur a Daji: Masu Sha'awa na Ƙaruwa, Fili na Ƙanƙancewa

Ranar kasuwa ce a wani gari da ke arewacin Jigawa, daidai inda burji ya ƙare yashi ya karɓi hanya. Da hantsi wasu samari uku daga birni suka iso a kan dogayen babura masu tayoyi masu haƙora. Kowannensu ya rufe kai da hular kwano, takalmi har gwiwa, ga jakar ruwa a baya. Yara suka ajiye farantan talla suka bi su da kallo.

Na gabansu ya faɗa yashin da ƙarfinsa. Kan babur ya fara rawa, shi kuwa ya tsorata, ya saki totur ya damƙi birkin gaba. Kafin ka ce kwabo yana ƙasa, babur ya danne masa ƙafa.

Yana fama da ɗagawa sai ga wani dattijo a kan tsohon Boxer, buhun gero biyu a baya, silifa a ƙafa. Ya ɗan sassauta ya ce, "Sannu, ɗana. In ka shiga yashi ba shi wuta, kada ka taɓa birki." Ya wuce abinsa, ko ƙafa bai sauke ba.

Abin da dattijon nan ya faɗa a numfashi guda, shi ake biyan maƙudan kuɗi a koya a makarantun tuƙin daji na Turai da Amurka. Ƙasar da miliyoyin mutane ke ratsa daji da babur kullum don neman abinci, yau ta fara samun masu shiga dajin don nishaɗi kawai. Sai dai sun zo a lokacin da dajin ya fi kowane lokaci wuyar shiga.

Daga neman abinci zuwa nishaɗi

A ƙasar Hausa babur kayan aiki ne. Shi ke kai mai naƙuda asibiti, shi ke fito da tumatir daga fadama, shi ne jarin ɗan acaɓa a Najeriya da ɗan kabu-kabu a Nijar. Shekaru da dama malaman gona da ma'aikatan rigakafi suna ratsa ƙauyuka a kan Yamaha DT da AG da Honda XL, baburan da tun asali don hanyar da ba kwalta aka ƙera su. Ba wanda ya taɓa kiran aikinsu wasa.

Hawa don jin daɗi kuwa da doki muka san shi. Saurayi ya ɗaura sirdi da la'asar ya fita kilisa, ba kasuwa za shi ba, ba kuma aikensa aka yi ba. Abin da matasan nan ke yi ke nan, sai dai su man fetur suke ba nasu dokin.

Abin ya faro ne daga ƙungiyoyin masu manyan babura na Legas da Abuja da sauran birane, waɗanda a da burinsu gudu a kan kwalta. Ramukan hanya da manyan motoci suka sa wasu suka fara tunanin babur mai dogayen ƙafafu, wanda ba ruwansa da inda kwalta ta tsaya.

Sai kuma wayar hannu ta ƙara wa abin armashi. A 2022 Kunle Adeyanju ya taso daga Landan a kan babur ya iso Legas cikin kimanin kwana 40, don wayar da kai a kan cutar shan inna. A shekarar da ta biyo baya wata 'yar ƙasar Holan, Noraly Schoenmaker, wadda miliyoyi ke bi a YouTube da sunan Itchy Boots, ta ratsa Afirka ta Yamma har da Najeriya ita kaɗai a kan ƙaramar Honda mai inji 300cc. Matasa da yawa sun kalli hanyoyin ƙasarsu ta cikin kyamararta, suka ce ashe abin da muke tsinewa kullum shi wasu ke tsallako teku su nema.

Ba mu kaɗai ba ne. A Amurka, a shekarar 2020 ta kullen korona, cinikin baburan daji ya ƙaru da sama da kashi 40 cikin ɗari, don mutane sun rasa wurin zuwa sai fili.

Tenere ce ta yi wa wasan suna

Turawan Birtaniya ne suka fara mayar da tuƙin daji gasa. Tun 1909 ake yin wata gasa ta kwanaki a tsaunukan Sikotilan, a 1924 kuma aka yi tseren farko a kan fili mai tudu da gangare a garin Camberley. A 1968 kamfanin Yamaha ya fito da DT-1, babur marar nauyi mai arha da ke iya bin kwalta da daji, daga nan abin ya fita hannun ƙwararru ya shiga hannun kowa.

To amma inda wasan ya sami kwarjinin da yake da shi a duniya, a makwabtanmu ne. A 1977 wani matashi Bafaranshe, Thierry Sabine, ya ɓata da baburinsa a saharar iyakar Nijar da Libiya yayin tseren Abijan zuwa Nice. Da aka ceto shi da ƙyar, maimakon ya tuba, sai ya koma gida ya shirya tseren kansa. Ranar 26 ga Disamban 1978 motoci da babura kimanin 180 suka tashi daga Faris za su Dakar, suka bi ta Aljeriya, Agadas, Yamai, Gawo da Bamako. Ƙasa da rabinsu ne suka ga Dakar. Cyril Neveu ne ya zo na ɗaya, a kan Yamaha XT500.

A 1983 tseren ya keta saharar Tenere a karon farko, guguwar yashi ta taso ta ɓatar da 'yan tsere kusan 40, sai da aka yi kwanaki ana tsinto su da jirgi. A shekarar ce Yamaha ta sa wa wani sabon baburinta suna Ténéré, sunan da har gobe ake sayar da babur da shi a Turai da Japan da Amurka. Dattawan Agadas da Dirku da Tawa ba su manta da watan Janairun waɗancan shekaru ba, lokacin da gari ke cika da baƙi, masu masauki da maƙeran azurfa da 'yan jagora su yi cinikin shekara cikin kwana biyu. Mano Dayak, wanda filin jirgin saman Agadas ke ɗauke da sunansa, yana cikin manyan abokan aikin Sabine a yankin.

Sabine ya mutu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Mali a Janairun 1986, aka watsa tokar gawarsa a gindin wata bishiya a Tenere. Tseren ya ci gaba, amma tsaro ya fara cin ƙarfinsa. A 2000, da ayarin ya iso Yamai, sai aka kwashe shi baki ɗaya a jiragen dakon kaya zuwa Libiya saboda barazanar hari a arewacin Nijar. A 2008 aka soke shi gaba ɗaya bayan kashe Faransawa huɗu a Muritaniya. Ya koma Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya tun 2020. Sunan Dakar ya rage, Dakar ɗin kuwa ba a zuwa.

Wane babur za a fara da shi?

Wannan ita ce tambayar farko ta kowane sabon shiga, kuma a nan aka fi asarar kuɗi.

Baburin daji na ainihi ana gane shi daga nesa. Tayar gaba babba ce, inci 21, ta baya inci 18, don babbar taya ta fi sauƙin haye dutse da rami. Shakazobarsa na iya nutsewa kusan tsawon ƙafa guda kafin ta kai ƙarshe. Cikinsa ya yi nisa da ƙasa, sirdinsa kuma dogo ne, har gajeren mutum sai ya yi ɗage kafin yatsunsa su taɓa ƙasa.

Su ma iri-iri ne. Akwai na tsere zalla a fili killatacce, ba fitila, ba lamba, doka ba ta yarda a hau titi da su ba, injinsu kuma da awoyi ake lissafa masa canjin baƙin mai. Akwai masu bin kwalta da daji duka, irin su Honda XR150L da CRF300L, da Yamaha XTZ125, da Hero Xpulse 200. Sannan akwai manyan na doguwar tafiya, su Ténéré 700 da Africa Twin da BMW GS, waɗanda hotonsu ke ɗaukar ido.

Waɗannan na ƙarshen su ne tarkon. Ténéré 700 ta haura kilo 200, babbar GS kuwa ta kusa kilo 270 in an cika tanki. Mai koyo zai faɗi, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ɗaga buhun siminti biyar daga cikin yashi a zafin Afrilu, sau uku a jere, ya isa ya raba mutum da sha'awar har abada. Ƙaramin babur mai kilo 120 zuwa 140 yana yafe kuskure, ya faɗi a tashe shi, a yi dariya a ci gaba.

Bakanikai suna da nasu ra'ayin, kuma ya cancanci a saurara. Babur ɗan Kwatano mai kwamfuta a ciki, in ya shaƙi man 'yan bumburutu ya tsaya a bayan gari, ba mai taɓa shi sai an ɗora shi a a-kori-kura an koma birni, wataƙila a jira kayan gyara daga waje wata guda. Boxer kuwa ko a ƙauyen da ba asibiti za ka sami fulogi da sarƙa da mai gyaran kafireta. Shi ya sa a ganina wanda ke da Boxer ko makamancinsa a gida bai da hujjar jira. Ya sa tayoyi masu haƙora, ya cire madubai, ya sami fili. Ba zai yi tsalle da shi ba, amma zai koyi abin da ya fi tsalle amfani.

Jiki kafin inji

Masu wannan wasa a ko'ina sun yi ittifaƙi a kan abu guda: a fara sayen kayan jiki, abin da ya rage a sayi babur da shi. Mu kuwa akasin haka muke yi.

Tarihinmu da hular kwano ba mai daɗi ba ne. Da hukumar kiyaye haɗurra ta tilasta sa ta a farkon 2009, an ga 'yan acaɓa a Kano sun kifa ƙwarya da robar fenti a ka, har kafofin labaran duniya suka ɗauka. An yi dariya, aka wuce. Amma alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana bayarwa sun nuna cewa hula mai inganci, in an ɗaure ta daidai, tana rage haɗarin mutuwa da kimanin kashi 40 cikin ɗari, raunin kai kuma da kusan kashi 70.

Sharaɗin shi ne inganci. Hular leburan gini ba hular babur ba ce. A nemi mai rufe haɓa, mai ɗauke da shaidar gwaji irin ECE ko DOT, a kuma yi hattara da jabu don kasuwa cike take da su. Hular da ta taɓa buguwa da ƙarfi ta gama aiki ko da ba a ga tsaga ba, saboda soson da ke ciki sau ɗaya yake shanye duka. Wannan ya sa sayen ta gwanjo caca ce.

Bayan hula sai takalmi. Yawancin faɗuwar daji ba a guje ake yin ta ba, a hankali ake kifewa, babur ya sauka a kan idon sawu ko ƙauri, ko salansa ta manne a fata. Takalmi dogo mai tauri shi ke raba tsakanin tashi a kaɗe ƙura da kwanciyar wata uku. Sai safar hannu, makarin gwiwa da na gwiwar hannu, tabarau mai rufe ido saboda ƙura da ƙaya, da sulken ƙirji.

Duk da haka ana karyewa. Wuyan hannu da ƙashin da ya haɗa wuya da kafaɗa su suka fi shan wahala. Likitocin ƙashi sun daɗe suna kokawa da yadda ake kai karaya wurin mai ɗori, sai ta lalace sannan a nufi asibiti irin na Dala a Kano. Ko ƙwararru ba su tsira ba. Fabrizio Meoni, wanda ya ci Dakar sau biyu, a tseren ya mutu a 2005. Bayan mutuwar Paulo Gonçalves a 2020 ne aka wajabta wa mahaya rigar da ke kumbura da iska in an faɗi.

Abin da yashi ke koyarwa

Wanda ya shekara goma yana tuƙi a titin Zariya ko na Maraɗi yakan ɗauka ya iya babur. Ranar farko a daji takan sauke masa wannan girman kan.

Darasi na farko tsayuwa ce. Ana tuƙin daji ne a tsaye a kan matakan ƙafa, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe suna riƙe da tanki, hannuwa a sake. Ta haka ƙafafu ke shanye girgiza, babur kuma ya sami damar yin rawarsa a ƙarƙashinka ba tare da ya yar da kai ba. Na biyu ido ne. Inda ka kalla nan za ka je. Ka zura wa kututture ido don tsoron kada ka buge shi, to shi za ka buga.

Sai yashi. A cikinsa tayar gaba so take ta nutse, kuma duk abin da ya tura nauyi gaba, ko sakin totur ne ko birki, ƙara nutsar da ita yake yi. Magani shi ne a ja jiki baya, a riƙe wuta daidai ba yankewa, a bar kan babur ya yi 'yar rawarsa. Zuciya takan ce tsaya, amma tsayawar ce faɗuwar. Rage iskar taya ma na taimakawa. Mai faci ya saba ɗura wa taya 30 ko fiye, alhali a yashi kusan rabin haka ake so. Sai dai in za a koma kan duwatsu a ƙara iska, in ba haka ba bakin dutse ya tsinke tif.

Kowace ƙasa da halinta. Marmara da tsakuwa suna zamewa a kwana. Taɓon fadama yana cika haƙoran taya har ta koma sumul. Duwatsun Shere a Jos suna son giya ta ɗaya da haƙuri da iya sarrafa kuloci. Hawan Mambila zuwa Gembu da damina kuwa, mahayan yankin da ke dakon kaya a kai ne malamansa. Rafi ba a faɗa masa sai an sauka an taka da ƙafa an ga zurfinsa, don in inji ya shaƙi ruwa tafiya ta ƙare, ambaliya kuma ba ta sallama.

Ƙurar hunturu tana kashe inji a ɓoye. Matatar iska ta soso sai an wanke ta an shafa mata mai bayan kowace fita mai ƙura. A watannin bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, mutum cikin sulke da hula yana zubar da gumi fiye da yadda yake zato, kuma alamar farko ita ce ya fara yin kuskuren da bai saba yi ba. Masu hankali da asuba suke fita, kafin azahar sun dawo. Da azumi kuwa gara a jingine babur ɗin.

Ba a fita mutum ɗaya. Uku ya fi biyu, don in ɗaya ya ji rauni, ɗaya ya zauna da shi, ɗaya ya tafi neman taimako. Wurare da yawa waya ba ta kamawa.

Gonar wa za a bi?

Ɗan birni yakan kalli fili ya ce daji ne. Mutumin ƙauye ya san ba wani taku da ba shi da mai shi. Wannan gonar wane ce, wancan burtali ne, can makiyaya ce, nan kuma maƙabarta ce da ba a kewaye ba.

Ƙorafin manoma a fili yake. An girbe gero ba yana nufin gona ta tashi ba, akwai wake da gyaɗa a ƙasa, kuma babur uku sun isa su rushe kunyoyin da aka yi kwanaki ana yi. Makiyayi kuma ya san abin da ƙarar salansa ke yi wa garke. Shanu suka firgita suka faɗa gonar wani, mai babur ya riga ya yi nisa, rigimar ta rage tsakanin mutum biyu da dama can zaman doya da manja suke yi. Mata masu shanyar barkono da tsaba a bakin hanya su ma suna da abin faɗa game da ƙura.

Tuddan yashi na Yusufari a Yobe, ko na Gure da Maine-Sorowa a Nijar, suna da kyau a hoto. Amma a wuraren nan mutane sun sha wuya suna kafa shinge da dasa itatuwa don su tsayar da yashin da ke binne musu kwari da gonaki. Taya mai haƙora tana tumɓuke ɗan tsiron da ke riƙe da tudu cikin daƙiƙa.

Shi kansa tseren Dakar ya bar tabo irin wannan. An take yara a ƙauyukan da ya ratsa, ciki har da wata yarinya a Mali a 1988 da yara biyu a Gini da Senigal a 2006, kuma jaridar fadar Paparoma ta taɓa yi masa kaca-kaca a kan baje kolin dukiya a gaban masu fama da yunwa. Ɗanmu da ya shigo ƙauye a guje a kan babur ɗin da ya fi kuɗin gidan mai gari, bai kamata ya yi mamaki ba in an yi masa irin wannan kallon.

Gyaran ba shi da tsada. A sauka a gaida dagaci ko mai unguwa, a faɗi ko su wane ne da inda za a bi. A nemi ɗan gari ya yi jagora a biya shi, don shi ya san inda tsohuwar rijiya take. A shiga gari da giya ta ɗaya. An ga garke a kashe inji har ya wuce.

Babur ya zama abin tsoro

Duk abin da aka faɗa a sama mai sauƙi ne in aka kwatanta da wannan. A yankuna da yawa na Arewa da Nijar, ƙarar babura da yawa daga daji ba ta nufin komai sai tashin hankali. Da su 'yan bindiga ke shiga gari, da su suke fita da mutane.

Hukumomi sun mayar da martani da hani iri-iri. Kano ta hana acaɓa a cikin birni a Janairun 2013, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero. A jihar Difa dokar ta-ɓaci ta 2015 ta zo da haramcin hawa babur, a farkon 2020 aka yi haka a sassan Tilaberi. A 2019 rundunar sojan Najeriya ta hana zirga-zirgar babura a dazukan jihohi bakwai na Arewa. A 2021 Katsina ta hana goyon mutum biyu da sayar da fetur a jarka, makwabtanta ma suka ɗauki matakai makamantan haka. A 2022 har gwamnatin tarayya ta ce tana duba yiwuwar hana babura a ƙasar baki ɗaya. Wasu dokokin an sassauta su, wasu ana sabunta su lokaci zuwa lokaci.

Yanzu a duba yadda ayarin masu kilisa yake a idon soja ko ɗan sa-kai: mutum biyar ko shida, fuska a rufe, jakunkuna a baya, sun ɓullo daga inda ba hanya. Kuskure ɗaya ya isa. A ɗaya gefen kuma, matashi a kan babur mai tsada a dajin da ba kowa, shi kansa kaya ne ga masu garkuwa.

Don haka dazukan Rugu da Kamuku da Birnin Gwari, da mafi yawan Zamfara, da gaɓar Tafkin Cadi, ba wuraren wasa ba ne, komai kyan hoton da za a samo. Tenere ma ba a shiga ta yau sai da izini da rakiya. Inda ake da sauƙi, wajibi ne a san dokar jihar a wannan makon, a riƙe lasisin babur da takardun mallaka da na kwastan, a sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa, a cire hula tun daga nesa in an tunkari shingen bincike, a kuma dawo gida kafin magariba.

Iyaye, aljihu da fili

A gida ma akwai shinge. Uba da ya ga yadda ake kwasar samari daga wasan ganganci da babur a ranar ɗaurin aure, ba zai bambanta wancan da wannan ba, a wurinsa duk jefa kai ne cikin halaka. Wasu dattawa kuma almubazzaranci suke gani. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 naira kuma ta faɗi, Boxer sabo ya haura naira miliyan ɗaya, ballantana wanda ake shigowa da shi da dala. Mutum ya ƙona man da zai kai ɗan acaɓa kwana biyu yana aiki, don kawai ya hau tudu ya sauko?

Masu wasan suna da amsa. Sun ce wanda ya koyi sarrafa babur a yashi ya fi iya kauce wa haɗari a titi, kuma gara matashi ya huce zafin jininsa a fili da hula a kansa da ya huce shi a tsakiyar kasuwa. A nan ina ganin gaskiya na wajensu, muddin akwai filin.

Shi ne kuwa babu. Ƙasashen Afirka da suka yi nisa a wannan wasa ba da manyan babura suka fara ba, da fili suka fara. Kenya na da filin tsere a Jamhuri cikin Nairobi, Yuganda na da nata a Busiika da Garuga, inda yara 'yan shekara biyar ko shida ke farawa da babur mai inji 50cc, iyayensu na tsaye a gefe. Lesoto, ƙaramar ƙasa mai duwatsu, tana karɓar baƙi duk shekara don gasar Roof of Africa tun ƙarshen shekarun 1960. Ross Branch, wanda ya tashi a garin Jwaneng na Botswana, ya zo na biyu a Dakar ta 2024, a shekarar kuma ya zama zakaran duniya na tseren sahara. A kan babur ɗin kamfanin Hero na Indiya ya yi wannan, ƙasar da ke ƙera da yawa daga cikin baburan da ke kan titunanmu.

Kusan kowane babban gari a Arewa yana da tsofaffin ramukan da 'yan kwangila suka ɗebi burji suka bari, a Filato kuma ga tuddan da haƙar kuza ta tara. Hekta biyu ko uku na irin wannan wuri, da izinin ƙaramar hukuma da na mai ƙasa, da aikin gireda na kwana biyu, da shinge, da motar asibiti a ranar da ake hawa, sun isa a fara. Masu koyarwa kuma ba sai an ɗauko su daga waje ba. A kowace tashar acaɓa ta ƙauye akwai wanda ya shekara ashirin yana ratsa yashi da kaya, ana iya ɗaukarsa aiki a biya shi, a haɗa masa da hula da takalmi.